Wanda Ya Taya da Duwatsu

Abin da Ba-Ragi ta rasa sananne ne: sulen zinariya guda ɗaya, wanda aka ce kuɗinsa zai sayi layinsu kaf har da masu haya a ciki, da rufin kwanon ɗakinta, da kuma sunan da ta yi shekara da shekaru tana tarawa a kasuwa, na macen da ba a taɓa kwararta ba. Abin da ta samu shi ma sananne ne, yana nan jibge a kusurwar tsakar gida, duk wanda ya yi sallama zai gan shi. Har yau in aka ce mata ta faɗi a wannan ciniki, sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce mai maganar bai san kasuwa ba.

Dillaliya ce ta tsofaffin kayan ɗaki: katifa, tukwane, fanka mai tari, akwatin ƙarfen da ya ga duniya. Sunan Ba-Ragi a kasuwa ta samo shi, don in ta yanka wa kaya kuɗi, ko uwarta ce ta dawo daga lahira sai ta biya cif. Karatu bai wuce mata lambobi ba. Haruffa a idonta duk tururuwa ce, amma sifiri ko a duhu aka rubuta shi za ta gane. Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyi, wanda ya rayu shiru ya kuma mutu shiru. Ya bar mata 'yarsu ɗaya da ta rage a gabanta, Auta, budurwa mai son karatu, da ɗaki cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, kowanne da nasa lokacin.

Ɗaya bayan ɗaya ta sayar da agogunan. Na ƙarshe wani babban agogon bango ne marar hannu, wanda marigayin bai taɓa barin kowa ya taɓa ba. Da ta ciro shi daga ƙusa sai ta ji wani abu ya motsa a cikinsa. A bayan katakon, a naɗe cikin tsumma, ta sami sulen. Ya fi girmansa nauyi, da fuskar wani mutum mai dogon hanci a gefe ɗaya da tsuntsu a ɗaya gefen. Ta kai shi baki ta gartsa masa haƙori, kamar yadda ta ga tsofaffi suna yi, haƙorin kuwa ya bar ɗan gurbi a bakin sulen.

Mai zinariya na bakin kasuwa ya goga shi a dutsensa, ya maƙala gilashi a ido ya duba. Sannan ya taya, ya kuma yi saurin tayawa. Ba-Ragi ta san mai saye ba ya sauri sai in kaya sun fi ƙarfin aljihunsa, don haka ta fizge abinta. Garin lallashi sai bakinsa ya suɓuce, ya ce irin wannan ba nauyinsa ake saye ba, tarihinsa ake saye. Da wannan kalmar ta koma gida. In tarihi ake saye, to sai ta san tarihin nan ciki da waje kafin ta buɗe baki ta yanka.

Yammacin ranar babu abin da ya bambanta shi da sauran. Tukunya tana kan wuta, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, ana jin matar direba ta maƙwabta tana faɗa da yaranta a kan silifa. Auta ta ɗauki hoton sulen da wayarta, ta yi ta latse-latse, can ta ce ga shi. Ta zauna a bakin tabarma ta fara karantawa, uwar tana tsugune kusa da ita kamar mai jiran awo.

Wani sarki ne, in ji rubutun, a wata ƙasa mai nisa, wanda mulkinsa bai kai shekara ba. Ya sa aka haƙo zinariya daga wani kogo da mutanen wurin ke tsoron shiga, aka buga masa kuɗi da fuskarsa. Kafin kuɗin su zaga gari aka tumɓuke shi. Wanda ya gaje shi ya sa a narkar da su, amma wasu sun riga sun fita. Waɗanda suka fita ɗin ma sun yi ta ɓacewa a hankali, daga taskoki, daga hannun attajirai, ba wanda ya san inda suka shiga. Masana suna zaton saura ɗaya a duniya, in ma yana nan. Daga ƙasa an rubuta abin da aka ƙiyasta zai yi. Nan Ba-Ragi ta karɓi wayar ta bi sifirin da yatsa, ta kai ƙarshe, ta sake dawowa farko.

Ta miƙe tsaye. Rana ta riga ta faɗi, sararin sama ya yi jajir, tsuntsaye sun yi tsit. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ɗaga sulen sama, dariya tana cinta.

"Na fito da shi kasuwa. Mai so ya taya, mutum ne ko aljan, amma ya zo da nauyi."

"Inna, magariba ce fa," in ji Auta.

Ba ta rufe baki ba dutse ya sauka a kan kwano. Ya gangaro a hankali, ya faɗo gaban tabarma, ya tsaya. Baƙi ne, sumul, da sanyi da danshi kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa.

Ba-Ragi ba ta ko razana ba. Ta san wannan wasan. Mai zinariya ne ya turo zauna-gari-banza su tsorata ta don ta sayar da araha, ita kuwa ba yau aka haife ta ba. Ta juya wajen katanga ta ɗaga murya, cikin gatse, ta ce albarka, a gaya wa maigidan nasu ya ƙara.

Washegari da magariba duwatsun suka ƙaru. Ta sake cewa albarka. Rana ta uku suka sake ƙaruwa. Da yake ita ba ta san zubar da abu ba, kowace safiya sai ta tsince su ta tara a kusurwa, tana cewa ko ba komai za a yi murhu. Matar direba ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, jifan nan fa ba daga waje yake zuwa ba, mijina ya hau mota ya duba, daga sama yake sauka." Ba-Ragi ta ce mijin nata ya fara gyara fitilar motarsa kafin ya duba sama.

Karatun kuwa bai tsaya ba. Kullum da yamma sai ta sa Auta ta sake karanto tarihin daga farko, tana haddacewa, tana gwada yadda za ta jera wa mai saye. A wata yamma an ɗauke wuta tun safe, wayar ba ta sami caji ba. Auta tana cikin karatu, uwar tana tsintar shinkafa, sai ta lura hasken da ke haska fuskar yarinyar ya ɗauke. Wayar ta mutu. Amma Auta ba ta ɗago ba. Idonta na kan baƙin gilashin, yatsanta yana tura shi sama kamar da rubutu, bakinta yana tafiya.

Ba abin da ta saba karantawa take karantawa ba. Labarin wani soja ne da ya haɗiye sulen don kada a ƙwace, ya yi tafiyar wata guda da shi a cikinsa. Daga shi sai wata amarya da aka rataya mata shi a wuya. Muryar ta Auta ce, amma ta yi ƙasa, ta yi nauyi, tana fita ba hawa ba sauka kamar ruwan da ke bin kwata.

Ba-Ragi ta kira sunanta. Ta sake kira. Ta kama kafaɗarta ta girgiza, ta ji jikin da sanyi irin na duwatsun nan. Sai da duhu ya rufe sosai yarinyar ta yi shiru, ta ɗago ta dube ta da idon baƙo.

"Mai kaya, sai gobe," ta ce, ta kwanta a wurin.

Tun daga ranar kalmar Inna ta fita daga bakin Auta. Da rana tana kwance fuska ga bango, ba ci, ba magana, sai ɗan ruwan da aka ɗura mata da cokali. Da inuwa ta kai bakin tabarma sai ta tashi da kanta, ta ɗauki matacciyar wayar, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Uwar ta ɓoye wayar a cikin buhun gawayi. Yarinyar ta buɗe tafin hannunta ta karanta a ciki. Sulen ya bi jirgin ruwa, ya kwana a rijiya shekara da shekaru, ya shiga hannun wani ɗan canji da ya kai shi gwanjo, aka wayi gari gidansa ba rufi. Kowace yamma tarihin yana matsowa, tufafin mutanen ciki suna canzawa, doki ya zama mota. Muryar kuwa tana dushewa, har ta kai in ta yi tari sai an ga ɗigon jini a gefen mayafinta.

A nan ne Ba-Ragi ta yanke shawarar rabuwa da abin, ko da a kan rabin sifirin ne. Ta ƙulle sulen a haɓar zane, ta ja ƙofa, ta kama hanyar kasuwa, hanyar da ƙafarta ta sani ko da ido rufe. Ta wuce mai faci, ta wuce famfon unguwa, ta karya kwana inda ta saba karyawa, sai ga ta tsaye a ƙofar gidanta. Ta tofa addu'a ta sake fita ta ɗaya ɓangaren. Ta wuce shagon tela, ta wuce injin niƙa, ta ɗaga kai, ƙofarta ce dai, da tsohon labulen buhu da tabon fenti a jikin ƙyaure. Har rana ta take tana zaga wuri ɗaya, mai faci yana kallonta yana kasa tambaya. In ta ajiye sulen a gida hanya takan buɗe, amma ba ta iya yin nisa, don daga bakin layi take jiyo tarin yarinyar, ƙafarta ta juyo da ita.

Ta aika wa mai zinariya ya zo da kansa. Ya zo har sau biyu, ya yi ta sintiri a layin yana tambayar gidan dillaliya, ana nuna masa ƙofa yana wuce ta. Wani mai haya a ɗakin zaurenta ya kwashe kayansa ba sallama. Masu kawo mata tukwane suka daina zuwa. Kwanon ɗaki ya huje ya zama rariya, da rana haske yana zubowa ta ramukan ya yi wa jikin Auta ɗigo-ɗigo. Gidan ya ƙanƙance ya koma tabarma ɗaya, da mace biyu, da jiran magariba.

Wata yamma, a cikin karatun, aka ambaci wani mai gyaran agogo da ya karɓi tsohon agogon bango a hannun wani baƙo da bai dawo ba. Ba-Ragi ta gane mijinta ne, tarihin ya iso gidanta. Ta rarrafa jikin katanga ta kira matar direba, da muryar da ba ta taɓa roƙon kowa da ita ba.

Malamin da matar direba ta kawo tsoho ne ɗan firit, da tabarau ɗaure da zare da buta a hannu. Shi bai ɓata hanya ba, don ba saye ya zo yi ba. Ya iso da la'asar sakaliya, ya duba yarinyar, sannan ya tsaya a gaban tulin duwatsun, wanda ya kai ƙugun mutum. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya sansana. Ya tambayi uwar abin da ta faɗa ranar da aka fara jifa, da abin da take faɗa in an yi. Ta gaya masa, tana kallon gefe. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Baiwar Allah, ai ba jifanki ake yi ba. Tayi ake yi. Ke kika kira kasuwa, ke kika ce a ƙara."

Ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma shi ya sa wani mai saye ba ya ganin ƙofarta, don ba a ciniki a kan cinikin wani. Ya yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa a gaban tabarma, ya sa matar direba ta koma gida ta rufe yaranta.

Inuwa ta kai bakin tabarma. Auta ta tashi zaune, ta buɗe tafin hannu. Kafin ta fara Malam ya riga ta, ya ɗora hannu a kanta ya shiga karatu, a hankali, ba tsawa ba duka. Iska ta tsaya. Ƙusoshin da agogunan marigayi suka bari a bango suka fara rawa a cikin ramukansu. Jikin yarinyar ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, wani nishi ya fito daga ƙirjinta wanda ƙirjin budurwa ba zai iya ɗauka ba. Malam bai dakata ba har sai da nishin ya zama magana.

Muryar ta ce ya isa, a bar ƙona shi, shi ba ɓarawo ba ne, mai saye ne. Malam ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce su duka cewa ba zai faɗi ƙarya a wannan zama ba, ya rantse. Sannan ya ba da labarinsa, yana ja yana tsayawa. Kogon nan gidansa ne tun kafin a san sarauta. Zinariyar da aka haƙa bangon ɗakinsa ce. Tun ranar yake bin ta ƙasa ƙasa yana mayarwa, sule bayan sule, shi ya sa masana suka rasa inda suka shiga. A dokarsu ba ya ɗaukar abin da ke hannun ɗan Adam sai an fito da shi kasuwa, an kuma ce an sallama. Wannan ne na ƙarshe. Saura gurbinsa kaɗai a bangon, iska tana shiga ta nan. Ya yi shekaru a ɗakin agogo yana jira, mai gyaran agogon kuwa ya san da shi, don wani dare ya taɓa cewa cikin duhu, ba na sayarwa ba ne, kuma ka yi addu'a kada matata ta gan shi, in ta gani ku biyun sai kun gaji.

Malam ya tambaye shi me ya haɗa yarinya da wannan. Ya ce mai kaya ce ta ce tarihi take sayarwa, shi kuwa ya ga nata guntu ne, ya ari harshen da ke karanta mata don ta ji cikakkensa. Amma tarihin ya zo ƙarshe. Layi ɗaya ya rage, a daren nan za a karanta shi, kuma harshen da ya karanta ƙarshen ba ya sake karanta komai. Ko layin ya ce ta sallama, ko ya ce ta binne 'yarta.

Malam ya juya ya dubi uwar. Ya ce nasa aikin ya tsaya nan, ya kawo mai saye ya zaunar, ya ɗaure shi da rantsuwa, amma kaya nata ne, bakin da zai rufe ciniki ma nata ne.

Ba-Ragi ta matso ta zauna a gaban 'yarta, ta tanƙwashe ƙafa kamar yadda take zama a rumfa. Ta kwance haɓar zane ta ajiye sulen a tsakaninsu.

"To, taya. Amma ba da tsakuwa ba."

Muryar ta ce duwatsun nan daga ƙofar gidansa ya ciro su, a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne, amma tunda ba ta san darajarsu ba zai yi mata tayi na ƙarshe. Akwai tulu a binne a ƙarƙashin wani kango da ke bayan gari, cike da zinariyar 'yan Adam, wadda masu ita suka mutu ba magaji. Zai nuna mata wurin. A kan tulun kuma zai ɗora mata yarinyar, lafiya lau. Duka biyun, a bakin sule ɗaya.

Malam ya ce a hankali, mai sayen yana ƙarƙashin rantsuwa, tulun gaskiya ne. Ya ce ta karɓa, lokaci yana tafiya.

Ta buɗe baki. Kalmar tana kan harshenta. Ta ga tulun a idonta, ta ga rumfa ta zama shago, ta ga matan kasuwa suna miƙewa in ta shigo. Sai idonta ya sauka a kan sulen, a kan ɗan gurbin da haƙorinta ya bari, ta rufe bakin. Ita ma ta sha haɗa tukunya mai kyau da mai yoyo ta ce ba ta raba su. Ta kuma sha ganin mai saye ya dawo bayan mako da kaya a hannu, ya nuna aibin da ba a faɗa masa ba, ya karɓe kuɗinsa.

Ta ce ya ba ta tulun kawai, yarinya a cire ta daga lissafi. Muryar ta ce ba ya raba kaya.

"Na san ba ka rabawa," in ji Ba-Ragi. "In na karɓi 'yata a matsayin kuɗi, na yarda ke nan taka ce ka biya ni da ita. Gobe ka juya sulen ka ga shaidar haƙorina, ka ce an ɓoye maka aibi, ka dawo min da kayana ka karɓi kuɗinka. Ni za ka yi wa wannan? Ba a sayen kayana da kayana."

Leɓen Auta ya motsa, wani abu mai kama da dariya ya fito, busasshe. Muryar ta ce mai gyaran agogo ya faɗi gaskiya. Ta ce in haka ne tulu ya koma inda yake, ba kuma za a ƙara ko tsakuwa ɗaya ba, abin da aka riga aka zube shi ne kuɗin. Sannan idon yarinyar ya koma kan tafin hannunta, bakinta ya fara: "Daga nan sai ya faɗa hannun wata mace, dillaliya, wadda ba ta taɓa..." Tari ya sarƙe ta, jini ya ɓullo a gefen bakinta, amma yatsan bai daina tafiya ba.

Ba-Ragi ta kama hannun ta rufe shi cikin nata. Da sauri, kamar mai tsoron kada kasuwa ta tashi, ta sa Malam ya zama shaida. Ta ɗaga sulen ta nuna gurbin haƙorin ta ce ga aibinsa, an gani, ba dawowa. Ta sa muryar ta faɗa da bakinta cewa yarinya ba ta cikin ciniki, aro aka yi ba da izini ba, za a mayar yanzu, ba kuma za a sake ara ba, ita da zuriyarta. Muryar ta ja lokaci. Malam ya ɗaga hannu zai koma karatu, sai ta faɗa, kalma bayan kalma, ta rantse a kai.

Saura kalma ɗaya. Matar da ta yi rayuwarta tana sa mutane su faɗi kuɗin da ta yanka ta dubi tulin baƙaƙen duwatsu a kusurwa, ta dubi zinariyar da ke tafinta. Daga baya takan ce haihuwar Auta ma ba ta yi mata wuyar fitar wannan kalmar ba.

"Na sallama."

Ba a ji ƙara ba, ba a ga hayaƙi ba. Tafin hannunta ne kawai ya yi sauƙi. Wata iska mai sanyi da warin rijiya ta bi ta tsakaninsu, ta ɗaga labulen buhu, ta fita. Auta ta sulale ta faɗa jikin uwarta. Sun daɗe a haka, Malam yana jan carbi, har aka ji matar direba ta buɗe ƙofarta a hankali. Can yarinyar ta motsa, da wata 'yar murya kamar ta wanda ya sha hayaƙi.

"Inna, ƙishirwa."

Muryar Auta ba ta koma yadda take ba, har yau a dushe take, kuma ba ta tuna ko layi ɗaya na abin da ta karanta. Takan yi karatunta a zuci. Uwar ba ta sake cewa ta karanta mata komai da yamma ba, ko da takardar magani ce sai gari ya waye. Duwatsun kuwa an gwada su a murhu sun ƙi ɗaukar zafi, mai zinariya ya goga ɗaya ya ce dutse ne kawai. Amma ruwan randar da aka jingina da su ba ya ɗumi ko a tsakiyar zafi, kuma Ba-Ragi ba ta ba kowa ko ɗaya ba, don ba kyauta ta same su ba.

Bayan kwanaki kaɗan wata doguwar mota ta tsaya a bakin layi. Mai zinariya ya fito da wani mutum mai jaka da takalmi mai ƙyalli, wanda aka ce ya tsallako ƙasashe saboda sulen. Wannan karon kai tsaye suka sami ƙofa. Suka tarar da ita a tsakar gida tana wanke tsofaffin tukwane, Auta tana gefe tana miƙa mata toka, rana tana zubowa cikin ɗaki ta ramukan kwano. Da ta ce an sayar, mutumin ya zauna a kan turmi ba a ba shi wuri ba. Mai zinariya ya riƙe kai, ya ce wa ya riga su, kuma don girman Allah nawa aka ba ta.

Ba-Ragi ta ɗauraye hannu, ta gyara ɗaurin kallabi, ta nuna kusurwa da haɓa.

"Ga kuɗin can. Tulin duwatsu, lakadan, ba ragi. Yarinyar ba ta cikin lissafi, dama tawa ce."